Dalilin da Ya Sa Ba Mu Karɓar Sabon Kifi Kai Tsaye

'Yan uwa ɗalibai, mu ne 'yan ƙungiyar manoma na aji biyu, masu kula da tankin tarwaɗa da ke bayan ofishin malamai. Mun ji ana cewa muna da rowa da girman kai, wai in mutum ya kamo kifi a rafi ya kawo mana kyauta sai mu ƙi zuba shi a tanki. Gaskiya ne muna ƙi. Amma ku ji dalilinmu tukuna.

Tarwaɗa 200 muka fara da su. Kuɗin da muka sayo su da na abincinsu karo-karo ne, wasunmu kuɗin tara suka riƙa ajiyewa. In Allah ya kai mu ƙarshen zango za mu sayar, mu sayi sabon zubi, abin da ya rage a gyara allon ajinmu da ya tsage. In kifin nan suka mutu, babu mai biyan mu.

Abin da muke tsoro ƙarami ne ƙwarai. Kun san yadda kaska ke maƙale wa saniya tana shan jininta. To kifi ma yana da nasa ƙwarin. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai kawo cutar farin ɗigo. Sunansa na kimiyya Ichthyophthirius, har yanzu babu wanda ya iya faɗinsa daidai a cikinmu, shi ya sa muke ce masa ik. Yana shiga ƙarƙashin fatar kifi da wurin numfashinsa da ke gefen kai, yana ci yana girma, har ya fito kamar an barbaɗa wa kifin gishiri. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki, ya rufe kansa da wani ɓawo, ya yi ta rabuwa a ciki. Guda ɗaya tak yana iya zama ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. Sai ɓawon ya fashe, 'ya'yan su bazu cikin ruwa suna neman jikin da za su kama. A ruwa mai ɗumi irin namu, duk wannan ba ya cika mako guda.

Ku yi lissafin da kanku. A rafi ruwa na tafiya, kifi kuma a warwatse suke, don haka yawancin 'ya'yan ƙwaron mutuwa suke yi kafin su sami kifi, tunda ba sa wuce kamar kwana biyu ba tare da sun kama jiki ba. A tankinmu kuwa kifi na gogar juna. Babu ɗan ƙwaron da zai yi yawo bai samu ba. Ga shi tarwaɗa ba ta da ɓawon jiki, fatarta a buɗe take.

Abin haushin shi ne kifin da ke ɗauke da shi ba lallai ya nuna ba. Wanda ya taɓa yi ya warke yana iya ɓoye kaɗan a wurin numfashi, ka gan shi yana iyo garau. Wani maƙwabcin ɗaya daga cikinmu yana da kududdufin siminti a gida. Ya sayi ƙananan kifi a hannun wani mai yawo da su a jarka bisa babur, ya juye su cikin manyan da ya yi wata uku yana ciyarwa. Lokacin hunturu ne, sanyi kuma yana rage wa kifi ƙarfi. Da farko suka riƙa goga jiki a bango, sannan suka daina cin abinci, daga nan kullum safiya da kwando yake kwashe su. Mun je mun gani. Warin ma ya ishi mutum.

Malamin gona ya nuna mana a wayarsa cewa ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Turai da Amurka akwai masu ajiye kifin teku a gida cikin akwatin gilashi, da ruwan gishiri da murjani mai rai, don ado kawai, ba don miya ba. Mun yi dariya da muka ji. Su ma suna da nasu farin ɗigon, kuma tasu matsalar ta fi tamu, domin maganin da ya fi kashe ƙwaron yana da jan ƙarfe a ciki, shi kuma jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande. Dole su kwashe kifin duka su kai wani akwati, su bar babban babu kifi ko ɗaya na mako shida, wasu har fiye da wata biyu, sai yunwa ta kashe ƙwaron. Wani abin mamaki, su tsoma kifinsu suke yi a ruwan daɗi na 'yan mintuna don ƙwari su saki, mu kuma gishiri muke zuba wa namu.

Labarin ƙasar Norwe ya fi wannan muni. A 1975 aka gano wata 'yar tsutsa a can, wadda ta shigo tare da ƙananan kifin samon da aka kawo daga Suwidin. Ta bazu a koguna kusan 50, ta kusa ƙarar da 'ya'yan samon a wasunsu. Don a raba kogi da ita, sai da aka zuba guba irin wadda ke cikin majimfa, aka kashe kifin kogin gaba ɗaya, sannan aka sake zuba sabbi.

To ga yadda muke yi. Muna da wani baho shuɗi a gefe, da bokitinsa da ragarsa daban, ba ma haɗa su da na tanki, domin jiƙaƙƙiyar raga ma tana ɗaukar ƙwaron. Duk baƙon kifi a nan zai zauna mako uku muna duba shi safe da rana. Kamar killacewar da aka yi wa matafiya lokacin korona ke nan. Malam ne ke auna gishirin, don in ya yi yawa shi ma illa ne. Ya ce mana, “Ko daga cibiyar binciken kifi ta New Bussa aka aiko mana, sai ya kwana a bahon nan.” Wasunmu suna ganin mako uku ya yi yawa, sun ce biyu ya isa. Har yanzu muna gardama a kai, amma mu masu cewa uku mun fi yawa.

Yanzu haka akwai tarwaɗa biyu a bahon, wani ɗan aji ɗaya ne ya kawo su daga hutun da ya yi a Yawuri. Yau kwanansu tara, ɗaya tana cin abinci sosai, ɗayar kuwa jiya mun ga tana goga jiki. Mai son gani ya zo lokacin tara, amma kada kowa ya sa hannu a baho sannan ya taɓa tanki.