Manyan Kifaye a Bakin Gari: Turangi da Argungu

A garin Turangi na ƙasar Niyu Zilan, mutum zai fito daga kanti, ya ɗan taka kaɗan, sai ga shi tsaye cikin Kogin Tongariro yana neman kifin da tsawonsa ya kai kamu guda. Babbar hanyar ƙasar ma ta kan kogin ta ratsa, kuma gurbin da ke gindin gadar na cikin wuraren da aka fi cika. Ni da na saba ganin masunci sai ya yi nisa da gari kafin ya samu na kirki, abin ya ɗaure min kai: me ya hana a cinye su?

Kifin sunansa tarawut, kuma baƙo ne. A 1883 aka kawo ƙwansa daga Kalifoniya ta Amurka, daga baya aka zuba irinsa a Tafkin Taupo, ya samu abinci ya ƙoshi. Idan hunturun can ya kama, daga wajen Mayu zuwa Satumba, sai manyan su baro tafkin su hauro kogi don zuba ƙwai, ta gefen gari.

Ba taru, ba birgi, ko tana ba a yarda ka sa a ƙugiya ba. Fatsa ce kawai, ita ma iri ɗaya: a ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron ruwa ko ƙwan kifi. Wannan ƙoto ba shi da nauyin da za a jefa shi, don haka igiyar ce mai nauyi. Mai fatsa zai yi ta kaɗa ta gaba da baya, sannan ya shimfiɗa ta a kan ruwa, ya bar ƙoton ya biyo gudun ruwa kamar ba a ɗaure yake ba. Igiya ta ɗan ja shi, kifi ya gane, ya wuce abinsa. Mutum kan yini cikin ruwan sanyi har ƙugu bai kama ko ɗaya ba, kuma da gangan aka tsananta abin haka.

Sai an sayi lasisi. Kifi shida ne iyaka a rana, wanda bai kai santimita 35 ba kuma a mayar da shi ruwa. Amma abin da ya fi riƙe kogin, a ganina, shi ne doka ta hana sayar da tarawut. Ba ka ganinsa a kasuwa. Kana so ka ci, to ka kamo da hannunka, ko maƙwabci ya ba ka kyauta.

Mu kam wannan ba za ta yiwu mana ba, kuma ban ga laifinmu ba. Su sana'a ce ta gado. Daga Yawuri zuwa Baga, kifin banda ne ke ciyar da gida, shi ke aurar da 'ya'ya.

Sai dai kame hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, ruwan Matan Fada a rufe yake, ba mai shiga su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Shi ya sa ranar bikin kamun kifi, wanda ake yi tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, dubban masunta ke faɗawa da homa da gora su fito da giwan ruwa da sai an taru ake ɗaga shi, a nan bakin gari. Su can Turangi kullum ƙofa a buɗe take, kayan kamun aka taƙaita. Mu ruwan muke rufewa ɗungurungum, mu buɗe shi rana guda.

Abin da ke ci min rai shi ne sauran ruwayen da ba su da mai tsawatawa, inda ake jan gidan sauro a kwashe har 'ya'yan ƙarfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, wani ma ya zuba guba. Da sarakunan ruwa za su tsayar da faɗin idon taru, hukuma kuma ta mara musu baya, ƙananan za su riƙa zurarewa su girma, ba tare da an hana kowa kai kifinsa kasuwa ba.