Ɗaya Gefen Faifan: Abin da Na Jiyo a Kingston

Daren Lahadi direban tasi ya hau da ni tsaunin Jacks Hill, hanya tana ta murɗewa, fitilun birnin Kingston na Jamaika sun baje a ƙasanmu har bakin teku. Tun kafin mu tsaya na fara jin wani dum-dum yana bugun ƙirjina. Wurin shi ake kira Kingston Dub Club, kuma abin da na fara gani shi ne akwatunan lasifika na katako an jibga su kan juna har sun ɗara tsayin mutum.

Na matsa kusa da mai sa kiɗan. Ya zaro wani ɗan ƙaramin faifan garmaho daga rigarsa ta takarda, ya goge shi da gefen hannu, ya ɗora allura. Waƙa ce mai taushi, mawaƙin yana rera ta tiryan-tiryan. Da ta ƙare sai ya juya faifan. Kiɗan nan dai ne ya dawo, amma an tuɓe shi. Mawaƙin ya furta kalma ɗaya tak, kalmar ta yi ta amsa kuwwa tana nisa kamar an yi kira a cikin rijiya, har ta ɓace. Jita ta leƙo ta koma. Ganga da bes kaɗai suka rage, kuma a nan ne jama'a suka ɗauki sowa. Sai wani mai dogon gashi ya karɓi makirufo ya shiga zuba magana a gurbin da mawaƙin ya bari. Wannan gefe na biyu shi suke kira dub, kuma shi ya hana ni barci a daren.

Washegari na gangara titin Orange, inda a da shagunan faifai suka yi layi har ake masa laƙabi da titin kiɗa. A wani shago na tarar da wani dattijo yana jera faifai a kwali. Na gaishe shi, na ce, “Baba, me ya sa ake buga kiɗa ba waƙa a bayan faifai?” Ya ɗauko guda ya nuna min. A gefe ɗaya sunan waƙa da na mawaƙi, a ɗayan kalma ɗaya kawai, Version. Ya ce, “Zauna, yaro, tunda daga Afirka ka taso.”

Labarin da ya ba ni shi ne wanda ya fi yawo a bakin mutanen garin. Wajen ƙarshen shekarun 1960, wani mai kayan sauti daga Spanish Town, Ruddy Redwood, ya je sutudiyon Treasure Isle na Duke Reid domin a yanka masa faifan wata waƙar ƙungiyar Paragons mai suna On the Beach. Injiniyan, Byron Smith, ya manta bai saka muryar ba. Ruddy ya ce a bar masa shi haka. Da ya sa faifan a wurin rawa, jama'a suka cike gurbin da bakinsu, suka yi ta neman a maimaita. Masu shirya faifai kuwa suka ga riba biyu: ga farin jini, ga shi ba sai an biya makaɗa kuɗin wata sabuwar waƙa domin cike bayan faifai ba.

Wanda ya mayar da wannan kuskure sana'a shi ne Osbourne Ruddock, wato King Tubby, haifaffen 1941. Asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne. Na ɗauki mota zuwa unguwarsu, Waterhouse, na tsaya a titin Dromilly, inda ya yi aiki a gida mai lamba 18. Unguwar talakawa ce, ƙananan gidaje da shingen kwano, yara suna buga ƙwallo a kan titi. A wani ɗan ɗaki a nan ya kafa teburin haɗa sauti da ya saya na hannu daga sutudiyon Dynamic Sounds. Ba ya tara makaɗa. Tef ake kawo masa mai layi huɗu, ganga daban, bes daban, sauran kayan kiɗa daban, murya daban, shi kuma ya zauna ya riƙa ɗaga wannan yana sauke wancan da yatsunsa, yana jefa abin da ya ga dama cikin amsa-kuwwa. Na daɗe a tsaye ina tunanin wannan. Mun saba yaba wa mai ƙarawa, wanda ya kawo sabon baiti ko sabon salo. Wannan bawan Allah da ragewa ya yi suna, kuma a ganina gwanintarsa ba ta gaza ta kowane mawaƙi ba, domin sanin abin da za a cire ya fi wuya. Wanda ke shakka ya nemi faifan King Tubbys Meets Rockers Uptown da suka yi da Augustus Pablo a 1976.

Fili kuwa idan aka share shi, sai an sami mai shiga. U-Roy, wanda ke riƙe makirufo a kayan sautin Tubby, ya ɗora maganarsa a kan tsofaffin kaɗe-kaɗen Treasure Isle, a 1970 faifansa uku suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a Jamaika lokaci guda. Da na saurare shi sai na tuna sanƙira a gidan biki, kalangu yana tafiya shi kuma yana ratsa shi da kirari. Kunnen Bahaushe ba zai ji abin baƙo ba.

Ga inda zaren ya ƙulle da hip-hop. Clive Campbell, wanda duniya ta sani da Kool Herc, a Kingston aka haife shi a 1955, ya koma unguwar Bronx ta New York yana ɗan shekara goma sha biyu. Ranar 11 ga Agusta 1973 ya sa kiɗa a wani taron matasa a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, ranar da ake ɗauka a matsayin haihuwar hip-hop. Ba rege ya riƙa sa musu ba, domin irin su James Brown suke so. Amma ya lura masu rawa sun fi haukacewa a daidai gaɓar da waƙa ke tsayawa ganga ta rage ita kaɗai, sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu yana maimaita gaɓar daga wannan zuwa wancan. Dattijon nan ya dage cewa komai daga wurinsu ya fita. Ban bi shi har can ba, domin su kansu masu magana a kan kiɗa na Jamaika sun kwaikwayi masu gabatar da shirye-shirye na gidajen rediyon Amurka. Sai dai tunanin ware ganga a ba ta fili, da tulin lasifika, da mai makirufo a gefe, waɗannan kam na gan su da idona a tsaunin nan.

Al'adar bayan faifai ma ta haye teku. Manyan faifan hip-hop masu inci 12 na shekarun 1980 sukan zo da kiɗan zalla a baya, wani lokaci har da kalmar dub a rubuce. A 1984 wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu daga Queensbridge, Roxanne Shanté, ta hau kan kiɗan zalla na wata waƙar ƙungiyar UTFO ta mayar musu da martani, Marley Marl ya ɗauka, kuma da wannan ta yi suna. Ba don an bar gefen nan babu murya ba, da ina za ta tsaya? A 1991 Pete Rock, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, ya yi akasin haka: ya riƙe muryoyin Public Enemy a waƙar Shut 'Em Down, ya zare kiɗan ya shimfiɗa nasa, har rimis ɗin ya fi na asali zama a kunnen mutane da yawa. A can Waterhouse kuma, King Jammy, wanda ya koyi aiki a hannun Tubby, ya fitar da kiɗan Sleng Teng a 1985 daga wani ɗan ƙaramin kibod na Casio, mawaƙa ɗaruruwa suka hau kansa.

An harbe King Tubby a ƙofar gidansa da ke Duhaney Park ranar 6 ga Fabrairu 1989. Teburin da ya yi aiki da shi yana wani gidan tarihi a Seattle ta Amurka, nesa da unguwar da ta ji amonsa da fari.

Na dawo da faifai biyar daga shagon dattijon, kuma gefen baya na fi sa wa allura. Ina roƙon masu sutudiyo na Kano da Kaduna da Jos, idan kun fitar da waƙa ku saki kiɗanta zalla tare da ita domin yaran da ba su da kuɗin sutudiyo su sami inda za su gwada bakinsu, kuma ku rubuta sunan wanda ya haɗa sautin kusa da na mawaƙin.