Rajistar da ke Cikin Kwamfuta

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙauyukan Ɗambatta ko Makoɗa ya san halin rajista da damina. Gonaki ne manne da juna har bakin makaranta, ranar noma rabin aji yana gona, sunayensu kuwa suna nan a littafi. Ga kuma yaron da ke zaune a kan benci amma ba a rubuta shi ba. A wurin hukuma babu shi.

Irin wannan rajista ce manhajar Linux ke riƙewa, wato manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991, wadda a kanta aka gina Android ta wayoyin hannu. Duk faifai ko filas ko firintar da aka jona wa kwamfuta sai an buɗe mata fayil a wata jaka mai suna /dev, domin ta nan ne ake magana da ita. In babu fayil ɗin, ko da fitilar filas tana walƙiya, kwamfuta ba ta san da zamanta ba.

A da, dubban sunaye ake zubawa a jakar tun kafin na'urorin su zo, tamkar malamin da ya rubuta yaran gari har da waɗanda ba a haifa ba. An gwada tsarin devfs, aka cire shi a 2006. Wanda ya zauna shi ne udev, da Greg Kroah-Hartman ya fito da shi a 2003. Yanzu da zarar an jona na'ura sai sunanta ya bayyana, in an zare ta ya ɓace.

Sai dai sauƙin yana da tarko. Sunayen sdb da sdc ba na yanka ba ne, layi ne: wanda ya riga zuwa shi ke samun na gaba. Wani malamin lissafi a wannan yanki yana da filas biyu, ɗaya da makin jarrabawar zango, ɗaya kuma wadda ya yi niyyar gogewa. Ran Talata ta gogewar ce sdb. Ran Laraba batiri ya mutu, aka kunna janareto, ya sake jona su ba bisa tsarin jiya ba, sai sdb ta zama ta maki. Abin da ya tsare yaran daga sake jarrabawa shi ne ya buga umarnin lsblk kafin ya goge, ya ga girman filas ɗin ba shi ne wanda ya sani ba.

Saboda irin wannan ne udev ke ajiye wasu sunaye da ba sa sauyawa a cikin /dev/disk/by-id, waɗanda ake ciro su daga lambar jikin na'urar kanta. Idan kuwa suna bai fito ba sam, umarnin dmesg zai nuna ko kwamfutar ta ji shigar baƙon. Sau da yawa laifin na waya ne da ta tsinke daga ciki, ko ƙurar hunturu da ta cika kafar jonawa.