Baƙon da Kayan Jawabinsa Suka Zo a Aljihu

Mako biyu muka yi muna kai-kawo a kan taron da bai cika awa biyu ba. Wani malamin fasaha da ke koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan ne ya amsa zai zo Gummi ya nuna wa ɗalibai da matasa wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ni kuma aka ɗora mini rubuta takardar gayyata da tarbar baƙo. Sai da na ɗauki biro na gane ban san yadda zan kira abin da Hausa ba.

Na buga masa waya, ya ce sunanta Raspberry Pi. Na ce wannan ai sunan yanka ne, ni asalinta nake tambaya. Ya ce kwamfuta ce da aka haɗa komai nata a kan allo guda. Na rubuta "mai allo ɗaya", shugaban kwamitinmu ya karanta ya girgiza kai, wai mutane za su ɗauka talabijin ce, wasu ma su ce makarantar allo za a buɗe. Wani mai gyaran waya a bakin tasha ne ya raba gardama. Na nuna masa hoton, ya ƙura masa ido ya ce, "Malam, wanga ai fanel na, tsirara, ba riga." Daga ƙarshe muka rubuta "kwamfuta mai falle ɗaya", kuma har yau ba wanda ya kawo sunan da ya fi shi.

Sauran shirin kuwa kowa ya san shi. Wa zai zama uban taro, wa zai zama shugaban taro, wane ne baƙo na musamman, wa za a ba addu'ar buɗewa don kada ya ji an raina shi. Kujerun haya, rumfa biyu, lasifika, janareto da mansa, ruwan leda, lemo na manya daban. Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne sa'ar farawa, domin baƙo daga Gusau zai taso, ya bi ta Anka da Daki Takwas, kuma a 'yan shekarun nan ba mai son la'asar sakaliya ta same shi a wannan hanya. Dole a fara da hantsi, ya yi azahar ya juya.

Shi baƙon abu uku kawai ya nema: tebur, soket ɗaya, da talabijin mai ramin HDMI. Talabijin ɗin a gidan kallon ƙwallo muka aro, da sharaɗin ta koma kafin wasan ƙarfe huɗu.

Ranar taro da ya sauko daga mota, na lura uban taro yana leƙen bayansa, yana neman yaron da ya ɗauko kaya. Babu yaro, babu kaya. Sai ya sa hannu a aljihun kaftaninsa ya zaro wani koren falle, girmansa kamar katin cirar kuɗi, da wasu ƙananan ƙusoshi arba'in jere a gefe ɗaya kamar haƙoran mataji. Wani dattijo a sahun gaba ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Don wanga abu anka tara mu?" Na dubi janareton da mutum biyu suka yi nishi kafin su sauke shi daga baro, na dubi abin da ke tafin hannun dattijon, na yi shiru.

Fallen nan a Cambridge ta ƙasar Ingila aka ƙirƙiro shi. Eben Upton da abokan aikinsa sun lura yaran da ke neman shiga jami'a don karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma sun iya amfani da ita amma ba su taɓa buɗe cikinta ba. Sai suka yi wadda yaro zai iya lalatawa ba tare da uba ya yi asarar albashin wata ba. A watan Fabrairun 2012 aka fara sayar da ita a kan dala 35, zuwa yanzu an sayar da fiye da miliyan 60. Memorin da muke sa wa waya shi ne rumbunta, wutar da take ci kuma volt 5 ce, irin ta caja. Ba ta zuwa da allon kallo ko madannai, kai za ka nemo ka jona.

Duk wannan a gurguje ya faɗe shi, don jawaban maraba da na godiya da na jan hankali sun cinye fiye da rabin lokacinsa. Laifin namu ne. Mun cika sahun gaba da mutanen da suka zo don mutunta gayyata, Allah ya saka musu, amma waɗanda maganar ta shafa suna can baya a tsaye cikin rana: masu cajin waya, masu tura finafinai da karatu a memori, yaran masu gyara. Su ne suke ɗaga dunduniya suna leƙe.

Ana cikin haka man janareto ya ƙare. Lasifika ta yi shiru, talabijin ta ɗauke, mai gabatarwa ya fara ba da haƙuri. Baƙon bai ko motsa ba, ashe tun farko da batirin cajin waya na hannu yake ba fallen wuta. Ya ɗaga murya ya ce kowa ya buɗe wayfay na wayarsa ya shiga sunan da zai gani. Sai ga Wikipedia ta Hausa tana buɗewa a wayoyin mutane, ba data, ba sabis. Ya ce akwai manhaja mai suna Kiwix da ke kwafe irin waɗannan shafuka cikin memori, fallen kuma ya rarraba wa wayoyin da ke kusa. Duk wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya har mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha don kiran waya ɗaya, bai buƙaci a yi masa dogon bayani ba. Wata malamar firamare ta tambayi ko littattafan aji za su shiga. Ya ce har da bidiyo, gwargwadon girman memori.

Nan ne 'yan baya suka matso, tsarin zama ya watse, taron ya fara daɗi.

Ya zaro wani fallen da bai kai tsawon yatsa ba, Pico, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4. Wannan ba don kallo ba ne, don sarrafa abubuwa ne, kamar kashe famfon ban ruwa idan tanki ya cika. Ƙusoshinsa sai an liƙa, don haka ya fito da ɗan nadin wayar liƙi, ya ce wannan haɗin kuza ne da dalma.

Shi baƙo ne, bai san nauyin kalmar a kunnenmu ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, saboda ana daka dutsen zinari ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda jarirai ke rarrafe. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wani saurayi ɗan Yargalma da ke koyon gyaran waya a nan garin ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, wagga dalma, ita ta wadda tac cinye muna yara?"

Malamin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ita ce. Ya ce wayar liƙi ta gargajiya kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, kuma ko da yake dokar Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki tun 2006, mai arhar da ake saya a kasuwa har yanzu da ita ake yi. Sai ya tambayi masu gyara da me suke riƙe wayar idan hannu ɗaya na kan ƙarfen liƙi, ɗayan na kan fanel. Suka dubi juna suna murmushin kunya. Da haƙori. Ni kaina na sha ganinsu da ita a baki kamar tsinken sakace, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ya ce a daina, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, kada a kai aikin liƙi ɗakin da yara ke wasa, wanda ya samu marar dalma ya saye ta ko da ta fi tsada. Maganar ba ta wuce minti biyar ba, ba ta kuma cikin jadawalin da na buga, amma a ganina ita ta biya kuɗin rumfa da kujeru.

Ƙarfe biyu saura ya shiga mota. Talabijin ta koma wurin mai ita kafin a busa usur. Ya bar mana babban fallen aro har zuwa ƙarshen zangon karatu, kwamiti ya so a kulle shi a ofis, na ce a'a. Yana rumfar mai gyaran wayan nan da ya ce masa tsirara, ya ma yanka masa riga da robar man shafawa. Mai son gani ya biya ta bakin tasha bayan la'asar, ya tafi da wayarsa.