Fiyanon da Ba Ya Magana

 Waɗanda ke bin layin bayan kasuwa da daddare sun sha jin ƙara na fitowa daga wani ƙaramin shago, har wasu suka kai ƙararmu wurin dattawa. To, mu ne, kuma ga bayanin abin da ya hana ku barci.

Mu biyar ne, duk haifaffun nan Ibadan. Wata bakwai muka yi muna zuba adashi don mu sayi kayan haɗa kiɗa, saboda mun gaji da aika waƙar biki Kano a yi mana, mu biya kuɗi mu kuma jira sati biyu. Muna da tsohuwar fiyano ƙirar Yamaha da wani yayanmu ya bar mana, da kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka mai manhajar FL Studio. Abin da ya rage shi ne kwantirola, wato allon maɓallai da ake sarrafa sauran na'urori da shi. Ɗayanmu ya hau mota zuwa kasuwar Alaba a Legas, ya dawo da na hannu mai maɓalli 49 da 'yan faifan roba takwas na buga ganga.

Daren da ya iso, muka jona shi da wuta, fitilu suka kama, muka danna. Shiru. Muka sake dannawa. Shiru. Wallahi sai da gumi ya karyo wa wanda ya sayo shi, don tuni mun karɓi kuɗin waƙar bikin ƙanwar abokinmu, saura kwana biyar kamu. Wani cikinmu har ya ce gobe da asuba a mayar wa mai shago kayansa.

Ashe ba cutar mu aka yi ba, jahilcinmu ne. Kwantirola ba ya da sauti a cikinsa ko kaɗan, ɗan aike ne kawai. Idan ka danna maɓalli, sai ya tura saƙo cewa an taɓa lamba kaza, da ƙarfi kaza, an kuma sake ta lokaci kaza. Harshen da yake magana da shi sunansa MIDI, wanda ya fito a 1983 bayan Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan da wasu kamfanoni sun yarda na'urorinsu su riƙa jin maganar juna. Kowane sauti yana da lamba daga 0 zuwa 127, ƙarfin bugu ma haka. Sai an samu mai karɓar saƙon, fiyano ko kwamfuta, sannan a ji wani abu.

Muka nemo waya mai baki zagaye da ƙusoshi biyar. Nan ma muka tafka kuskure: muka soka ta a ramin da aka rubuta OUT a kwantirola, muka soka ɗaya bakin a OUT na fiyano, wai don su yi daidai. Baki biyu ke nan suna magana, babu kunne. Ƙa'idar ita ce daga OUT na mai aikawa zuwa IN na mai karɓa. Da muka gyara, muka danna, sai ga ƙarar ganga da kuge maimakon sarewa. Wayar nan ɗaya tana ɗauke da layi 16, kuma a tsarin da yawancin irin waɗannan fiyano ke bi, layi na 10 na ganguna ne. Mai shi na farko a nan ya bar shi. Muka mayar layi na 1, sarewa ta fito. Ihun da kuka ji ranar Talata ke nan, a yi mana afuwa.

Da muka koma kan kwamfuta ta wayar USB, sai wata matsala: ka danna yanzu, sautin ya zo daga baya kamar amsa-kuwwa. Ba mai iya bin kiɗa a haka. Dalili kuwa, kwamfuta tana tara sauti a ɗan ma'aji kafin ta sake shi. Namu yana kan 2048, wanda a saurin 44,100 cikin daƙiƙa ya kusa kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, kuma yatsa yana jin wannan sarai. Muka sa direban ASIO, muka rage zuwa 256, jinkirin ya ɓace. Muka yi zari muka sauke ƙasa da haka, sai sautin ya fara tsattsage kamar ana soya ƙwai. Sai kuma gurnani a sifika duk lokacin da aka tada janareta. Da muka zare cajar kwamfutar ta koma kan batir, ya ɗauke. Tun daga nan, sai mun cika batir muke ɗaukar murya.

Ranar Alhamis muka gama, muna ta murna. Sai uwar amarya ta aiko cewa Baba mai kalangu zai zo ya ji, don shi ya yi kiɗa a bikinta, shi ya yi a na yayarta. Kowa a unguwar nan ya san yadda kiran Baba ya ragu tun da masu sifika suka karɓe bukukuwa. Mun ji kunya, don mu ma cikinsu muke.

Ya zauna a benci, muka kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yara, kun yi ƙoƙari. Amma wannan kalangun naku kurma ne. Me yake cewa?"

Muka ce, "Baba, kiɗa ne kawai."

Ya ce, "Kalangu ba ya kiɗa kawai. Sunan uban yarinya yake kira."

Gaskiyarsa. Kalangu a hammata ake matse tsirkiyarsa, murya ta hau, a sassauta ta sauka, shi ya sa yake bin hawa da saukar Hausa. Maƙwabtanmu Yarabawa sun riƙe wannan, har gobe ba a raba shagalinsu da masu gangan. Namu kuwa kowane bugu ƙarfinsa 127, muryarsa ɗaya, kamar ana buga ƙofa. Muka nuna masa ɗan gare-garen da ke gefen hagu, wanda ke lanƙwasa sauti sama ko ƙasa. Ya sa babban yatsa ya murza yana bugawa, ya yi dariya ya ce, "Ya fara koyon magana, amma da sauransa, ɗan yaye ne."

Abin da muka yi a ƙarshe, muka goge kalangun kwamfuta, muka kafa wa Baba makirfo. Kwantirola ya riƙe fiyano da sarewa da ƙaramar ganga, Baba ya hau kai da nasa. Sau biyu kawai ya buga. Ranar kamu, da kalangun ya kira kirarin gidansu amarya, mun ga tsofaffin mata sun miƙe ana guɗa, wasu na share hawaye. Kuɗin aikin muka raba shida.

Ga 'yan'uwa matasa masu niyyar saye: kafin ku biya, ku duba bayan na'urar. Idan ramin USB kaɗai gare ta, ba za ta haɗu da tsohuwar fiyano kai tsaye ba sai ta hanyar kwamfuta ko wani ɗan akwati na musamman. Ku sa a gwada muku kowane maɓalli a gabanku. Wanda ya maƙale kuma, shagonmu a buɗe yake bayan sallar isha'i, kuma mun yi wa dattawa alkawarin kashe sifika ƙarfe goma. Baba yana zuwa ranar Asabar, ya ce duk yaron da ke son koyon kalangu ya zo da ladabinsa.