Inda Nake Zuwa Daren Talata

Landan, watan Disamba

Yaya,

Ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonki na murya sau uku na saurara. Wai ni ce mai yawon dare a Landan. Wasu sun ce jami'a na shiga zan zama dakta, Goggo kuma an gaya mata littafi nake bugawa ana biya na da fam. Duk ƙanzon kurege ne. Shi ya sa na zauna na rubuto, ki karanta wa Inna a tsanake.

Ranar Talata in na tashi daga aiki a gidan tsofaffi, nakan hau bas zuwa wata makarantar manya. Ajin awa biyu ne, daga 6 zuwa 8, na mako goma kacal. Ana koya mana rubuta labari, mu karanta na marubuta mu tattauna. Ba jarrabawa, ba takardar shaida. Maganar dare kuwa, a watan nan kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Hoton nan da ya jawo surutu, da biyar da rabi na ɗauke shi, ina rawar ɗari a bakin titi.

Fam 190 na biya. Kada ki buga shi da naira a gaban Baba Ƙarami, don fam ɗaya ya doshi naira 2,000, zai ce na haukace. Ni ma sai da na kwana biyu ina juya abin a raina.

Irin makarantun nan sun daɗe a garin nan. Akwai Morley kusa da tashar Waterloo, an buɗe ta tun 1889 saboda ma'aikata masu wuni wurin aiki, har shahararriyar marubuciyarsu Virginia Woolf ta taɓa koyarwa a can da yamma tana budurwa. Akwai City Lit, ita kuma tun 1919. Kamar Yaƙi da Jahilci ne na zamanin su Inna, sai dai nan waɗanda suka iya karatun ne ke komawa.

Mu goma sha biyu ne a ajinmu, kuma fiye da rabi sun haife ni. Akwai wani dattijo ɗan asalin Jamaika, shekararsa 78, direban bas ne da ya yi ritaya. Shi ke riga kowa zuwa, da kwat ɗinsa da hula, da littafin rubutu a cikin leda saboda ruwa. Malamarmu ba ta wuce sa'ar Autarmu ba. Yaya, sunansa take kira gatsau! Ranar farko ya karanta abin da ya rubuta a kan mahaifiyarsa, yarinyar nan ta dube shi ido cikin ido ta ce shafin farko duk bai da amfani, ya yanke shi, labarin daga shafi na biyu ya fara. Na sunkuyar da kai, kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya zaro biro ya ja layi a kan shafin, har da godiya. Mako na gaba ya dawo da gyara, kuma gaskiya ya fi daɗi. Har yanzu ban iya kiran sunansa ba, sai na laƙaba masa Baba, ya ce rabon da a kira shi haka tun ɗansa na zuwa duba shi.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Mu ne ke cewa gemu ba ya hana ilimi, amma a nan na ga ana aiki da maganar: tsohuwa da sanda za ta shigo aji ba mai dariya, gwamnatin gari ma ta ba su katin hawa bas kyauta. Wannan ya burge ni. Sai dai da muka saba na gane da yawansu ba rubutun kaɗai ya kawo su ba. Wata ta ce min daga Talata sai wata Talatar take jin an kira sunanta. Wato kuɗi suke biya a saurare su. Na tuna Inna a kan tabarma bayan isha'i tana ba da labarin tasowarta a Tudun Wada, mu kuma kowa idonsa na kan waya.

Bari ki ji tawa. An ce kowa ya rubuta ɗakin girkin gidan da ya tashi. Na rubuta madafinmu, murhun duwatsu uku, da hayaƙin da ke sa mu hawaye. Na kawo ranar da kika ƙone a hannu da ruwan tuwo, Inna ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba, sai Goggo ce ta ruga ta shafa miki magani. Na rubuta cewa har yau Inna ba ta taɓa kama sunanki ba. Da na gama karantawa ajin ya yi tsit. Wata ta ce kai, wannan uwa ta tsani 'yarta. Wani har ya tambaye ni ko kin samu mai ba ki shawara a kan abin da aka yi miki! Na yi ta kame-kame da Turanci ina son in fassara musu kunyar ɗan fari, kalmar ta ƙi samuwa. Malamar ta ce in bar bayani, in nuna musu abin da ido ya gani. Na koma gida na kasa barci, sai na tuna a daren nan na farka na ga Inna tsugune a kanki da fitilar ƙwai, tana hura miki hannu kina barci. Ban taɓa gaya miki ba. Da na ƙara wannan na karanta, Baba ya cire tabarau yana share ido.

Yanzu maganar Ummi, da kika ce tana so ta zo ta yi irin karatuna. Ki ja mata kunne. Ajin yamma na mako goma ba ya ba mutum biza, ba ya ba shi aiki. Duk ejan da ya ce a ba shi kuɗi zai samo mata gurbi ta wannan hanya, ɓarawo ne, kada a ba shi ko sisi. In rubutu take so, ba sai ta tsallaka ruwa ba. Ta nemi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ta karanta da idon mai koyo, ta lura da inda suke fara labari. A Zariyarmu aka shirya gasar 1933 da ta fito da su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, ta ajin manya ta ci gaba da karatu, ga shi an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci. Ga kuma gasar Hikayata ta BBC, tun 2016 ake yin ta. Ummi ta tara ƙawayenta huɗu ko biyar duk mako, kowa ta karanta nata, a faɗa wa juna gaskiya ba jin haushi. Abin da na biya fam 190 a kansa ke nan.



Ga roƙona. Ranar da Inna ta ji daɗin jikinta, ki sa Ummi ta kunna waya ta ɗauki muryarta. A tambaye ta ajin Yaƙi da Jahilci da ta shiga a gidan mai unguwa, da ranar da ta fara rubuta sunanta. Kada a katse ta ko ta yi nisa. Ke dai ki fita daga ɗakin, kin san in kina wurin ba za ta sake ba. Saura mako uku mu gama, ina so in rubuta labarin kafin nan.

Ki gaida Goggo, ki ce mata fam ɗin littafi bai iso ba tukuna.

Taki ƙanwa