Idan an gayyace ki biki Legas, fara da lissafin dawowa

Bara bayan babbar Sallah muka kai ɗiyar yayata Legas. Mijin ɗan Roni ne, amma a Agege yake kasuwanci, danginsa kuma suka ce can za a yi dina. Mu goma sha ɗaya muka tashi daga Karkarna: mata tara, Gwaggo a gaba, sai samari biyu masu ɗaukar kaya. Wata biyu muka yi muna maganar anko da lalle da turaren wuta. Maganar yadda za mu dawo gida, ko sau ɗaya ba wadda ta tayar, har da ni da nake ma'aikaciyar jinya.

'Yar'uwa, tafiyar nan ba irin ta Kano ba ce da za ki je da safe ki dawo kafin magariba. Daga Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Mun shiga babbar mota a Sabon Gari da yamma, muka bi ta Kaduna da Abuja da Lokoja, ba mu sauka ba sai washegari bayan azahar. Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, ga wadda Allah ya hore wa. Idan a cikinku akwai tsohuwa ko mai tsohon ciki, ni dai shawarata a haɗa kuɗi a saya mata tikiti, ko da za a rage na anko.

Gwaggo tana da hawan jini, shekara shida tana shan magani. Da za mu tashi sai ta ƙulle maganin a leda, ta cusa cikin buhun gara, yaran mota suka jefa buhun can ƙarƙashin mota, aka danne shi da kaya. Ba ta faɗa mini ba, kunya take ji wai kada a ce ta cika fitina. Ga shi kuma ta ƙi shan ruwa tun daga Zariya don kada fitsari ya kama ta a hanya. Kafin mu kai Ibadan kanta ya ɗauki ciwo, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da na auna ta a masauki, sai da gabana ya faɗi. Daren farko a wani asibitin kuɗi muka yi shi, ita a gado, ni a kujera.

Don haka maganin hawan jini, na ciwon suga, na asma, duk a jakar hannu, jikinki. Ki ɗauki na kwanakin tafiyar har da ƙarin kwana uku. Ki ɗauki hoton kwalin da waya, don idan ya ɓace ki nuna a kyamis, ba ki tsaya cewa "wani ɗan fari ƙarami" ba. Duk inda mota ta tsaya ki sauka ki taka ƙasa, ki tayar da tsofaffi su ma, ko da sun ce sun gaji. Zama wuri ɗaya awa da awanni yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga mai ciki da mai jego. Ruwa kuwa a sha. Ƙin shan ruwa da riƙe fitsari su ne ke kawo mana mata asibiti da zafin fitsari bayan kowace doguwar tafiya. Ki sa ƙullin ORS biyu ko uku a jaka saboda yara. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A cikin gari kuma, ki tambayi nisa da awa, ba da kilomita ba. Dinar a wani otal aka yi ta a Victoria Island, mu kuma muna Agege. An ce ƙarfe bakwai, muka fito shida, muka kwashe fiye da awa biyu, rabinsu a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12. Kada ki sa rai da ɗan acaɓa, tun Yunin 2022 aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da yankin tsibirin. Kada ki tari motar da ba ki sani ba a bakin titi da dare. Lambar mutum biyu daga dangin ango da sunan layin masaukinku ki rubuta a takarda, waya tana mutuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe. Kuɗin motar dawowa na mu duka mun damƙa wa babban cikin samarin, don shi ne namiji, shi zai je tasha. Yaro ne mai hankali, a gida ko wasan kati ban taɓa ganin ya yi ba. To a ƙasan otal ɗin akwai ɗakin caca, fitilu kamar rana, masu gadi da kwat. Bai shiga nan ba, ya dai leƙa. Amma a Agege shagunan cacar ƙwallo suna ko'ina, a buɗe, ba mai kallon mai shiga, ba kamar Kano ba da Hisba ta bi ta rufe su a 2024. Wasu sababbin abokai suka ja shi, ya sa kaɗan, ya ci, ya ƙara. Ranar da za mu taho ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo yana kuka, fiye da rabin kuɗin babu.

Amaryar kwana uku ce ta shiga ɗaki ta roƙi mijinta ya cika mana. Ya bayar, bai ce komai ba, amma na ga fuskar uwarsa. Yarinyar nan da wannan abin ta fara zama a cikinsu, mu muka jawo mata.

Yanzu idan za mu yi irin wannan tafiya, kowace mace kuɗin dawowarta yana asusunta ko a ƙulle a lalitarta, ba a tara wa mutum ɗaya. In da hali a sayi tikitin dawowa ranar da aka sauka. Samari kuma a ba su na kashewa kawai, a faɗa musu gaskiyar abin da za su gani tun daga gida, kada a ce ai namu ba ya yi.

Wata mai zuwa ƙanwar amaryar za a kai Fatakwal. Gwaggo ta ce da ita za a je, na ce to, amma maganinta a jakata zai zauna.